Zaman Farko da Na Jagoranci Wasan Taka Rawa na Kan Teburi

Sama da shekara guda na yi ina zama a gefen teburi a matsayin ɗan wasa kawai, ba ni da wani nauyi a wuyana face takardar jarumina da fensir, kafin ranar da wanda yake jan mana wasan ya sanar da mu cewa aiki zai ɗauke shi zuwa wani gari mai nisa. Mu biyar muka rage, kowa ya sunkuyar da kai yana jujjuya fensirinsa, har dai aka yi ittifaƙi a kaina, bisa hujjar da har yau ban gamsu da ita ba, wato wai ni ne na fi kowa yawan tambaya a kan ƙa'idoji. Na amsa da baki, amma tun a hanyar komawa gida gabana ya fara faɗuwa.

Ga wanda bai taɓa gani ba, wasan taka rawa na kan teburi hira ce mai ƙa'ida. Kowane ɗan wasa yana riƙe da jarumi guda a cikin wani ƙagaggen labari, yana faɗin abin da jarumin nasa zai yi, shi kuwa jagoran wasa shi ne yake bayyana wurin da ake ciki, yake magana da bakin duk sauran mutanen labarin, yake kuma yanke hukuncin abin da ya biyo bayan kowane yunƙuri. Idan ana shakkar ko yunƙurin zai yi nasara, sai a jefa ɗan lido, sai dai ba mai fuska shida kaɗai ake amfani da shi ba, akwai mai fuska huɗu, da takwas, da goma, da sha biyu, da kuma mai fuska 20 wanda shi ne uban tafiyar. Ba a sa kuɗi, kuma babu wanda yake cinye wani, domin 'yan wasan duka ɓangare ɗaya suke. Wanda muke yi shi ne Dungeons & Dragons, bugun shekarar 2014, kuma manyan littattafansa uku ne: na 'yan wasa, da na jagora, da na dodanni, kowanne ya haura shafi 300. Ranar da tsohon jagoranmu ya ɗora mini su a hannu, nauyinsu kaɗai ya isa ya karya mini gwiwa.

Mako uku aka ba ni in shirya, kuma makon farko gaba ɗayansa a kan hanyar da ba ta ɓullewa na ɓatar da shi. Na ɗauka cewa wajibi ne in haddace littattafan nan kafin in buɗe baki, saboda haka na riƙa karatu kamar mai shirin jarrabawa, ina ja wa layuka layi, ina kwafe jadawali a littafin rubutu, alhali duk abin da na karanta da daddare kafin gari ya waye ya zube. Da na gaji da wannan sai na koma ƙago duniya. Na zana taswirar nahiya guda, na rubuta tarihin masarautu uku da yaƙe-yaƙensu da jerin sarakunansu, har rubutun ya kusa shafi arba'in, ina jin daɗi a raina cewa aiki nake yi. Daga baya ne na gane cewa gudu nake yi, domin rubuta tarihin sarkin da ya mutu shekara ɗari kafin labarin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan tunanin abin da zan faɗa a minti na farko idan mutum huɗu suka zuba mini ido.

Abin da ya ƙara dagula lissafin shi ne kallon ƙwararru a intanet. Na zauna na kalli shirin Critical Role, wanda aka fara watsawa a shekarar 2015, inda Matthew Mercer yake jan wasa ga abokansa, yana sauya murya daga ta tsoho zuwa ta yarinya zuwa ta dodo ba tare da ko tuntuɓen harshe ba. Na sani sarai cewa shi da waɗanda suke teburin nasa sana'arsu ke nan, masu aron murya ne a finafinan zane da wasannin kwamfuta, amma sanin hakan bai hana ni auna kaina da ma'auninsu ba. Har gwada muryoyi na yi ni kaɗai a ɗaki, na naɗa a waya, na saurara, na goge cikin gaggawa kafin wani ya ji.

A ƙarshen makon ne na kira tsohon jagoran namu, wanda ya girme ni da shekaru, na ce masa, "Yaya, gaskiya abin nan ya fi ƙarfina, ko dai a dakatar da wasan har a sami wanda ya iya." Dariya ya yi, sannan ya tambaye ni sau nawa na kama shi da kuskuren ƙa'ida a tsawon shekarar da muka yi tare. Na ce ban taɓa ba. Ya ce to ba a taɓa yin zama ɗaya ba tare da ya yi kuskure biyu ko uku ba, kuma sau da dama sunan da yake ba wa mutumin labari a take yake ƙago shi yana kallon silin. Daga nan ya ce, "Ƙanena, ba tsoro ke damunka ba, kunya ce. Ka ajiye tarihin sarakunan nan, ka kawo mini abin da zai faru a sa'a uku, a shafi ɗaya." Maganarsa ta zauna mini, domin kuwa tsoro na daji ne, kunya ta gida, kuma waɗanda nake jin nauyinsu abokaina ne da suka riga suka san iyakar iyawata a komai.

Wani abu da na ci karo da shi a karatuna ya taimaka wajen sauke mini wannan nauyi. Lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan a Amurka a shekarar 1974, ƙananan littattafai uku ne a cikin akwati, kuma sunan da aka fi kiran mai jan wasan da shi a cikinsu shi ne alƙalin wasa, saboda su biyun daga wasannin yaƙi na 'yan gumakan sojoji suka fito, inda ake buƙatar mutum guda ya tsaya tsakani ya raba gardama. Wannan kalma ta sauya mini yadda nake kallon kujerar. Marubuci dole ne ya san ƙarshen labarinsa, ɗan wasan kwaikwayo dole ne ya burge masu kallo, amma alƙali aikinsa ya saurari abin da aka kawo gabansa ya yanke hukunci mai ma'ana, kuma wannan na ga zan iya gwadawa.

Shafi ɗayan da na rubuta bai ƙunshi labari ba, matsala kawai ya ƙunsa. Wani ayari ya ɓace a kusa da mashigin kogi, attajirin da yake da kayan ya ɗauki jarumai huɗu su gano abin da ya faru, akwai wani tsohon mai fito da ya ga komai amma yana tsoron magana, akwai kuma ƙananan dodanni da suka yi sansani a wata rusasshiyar hasumiya a ƙetaren ruwan. A ƙarƙashin kowane mutum na rubuta abu biyu rak: abin da yake so, da abin da yake ɓoyewa. A bayan takardar na jera sunaye goma da ba na kowa ba, domin ranar da za a tambaye ni sunan wani da ban shirya ba. Daga cikin ƙa'idoji kuma na tsamo ƙashin bayansu kaɗai: a jefa mai fuska 20, a ƙara makin jarumi, a gwada da lambar wahalar aikin, wadda take 10 ga abu mai sauƙi, 15 ga matsakaici, 20 ga mai wuya. Kusan duk abin da yake cikin shafuka ɗari-ɗarin nan rassa ne na wannan jimla guda.

Kafin zaman wasan na kira wani gajeren zama wanda ba a yi wasa a cikinsa ba. Na faɗa musu ƙarara cewa sabon hannu ne ni, cewa idan ƙa'ida ta shige mana duhu zan yanke hukunci a take mu wuce, mu duba littafi bayan an tashi, kuma na tambaye su irin abin da ba sa so ya shigo labarin. Ɗaya ya ce ba ya son a riƙa zayyana azabtarwa, wata ta ce ita dai a bar mata damar yin magana da mutanen labari kafin a zare takobi. Bai fi minti arba'in ba, amma a nan ne rabin fargabar ta zube, saboda abin da nake ta ɓoyewa na riga na faɗe shi da bakina.

Ranar wasan na kafa ɗan kwalin da jagora yake ɓoye takardunsa a bayansa, na buɗe baki, sai na ji muryata tana rawa. Na karanta sakin layin da na rubuta na buɗewa da sauri kamar ana kora ta, na kai ƙarshe, na yi tambayar da kowane jagora yake yi: "To, me za ku yi?" Sai aka yi shiru. Ina jin bai wuce daƙiƙa goma ba, amma a wurina ya yi tsawon da har na fara tunanin cewa komai ya rushe, na kuma buɗe baki zan cike gurbin da ƙarin bayani. Allah ya taimake ni, mai taka rawar ɓarawo ya riga ni, ya ce yana so ya duba sawun ƙafafun keken shanu a bakin ruwa. Ashe tunani suke yi. Wannan shirun, wanda ban taɓa lura da shi ba lokacin da nake ɗan wasa saboda ni ma ina cikin masu tunanin, shi ne abu mafi wuya da na haɗu da shi a daren, kuma babu littafin da ya shirya ni dominsa.

Kuskurena na farko na gaske a kan sawun nan ya faru, kuma shi ne wanda na fi daɗewa ina juyawa a raina. Na riga na tsara cewa sawun ne zai nuna musu hanyar hasumiya, sai na ce ya jefa, na sa lambar wahala 15. Makinsa a wannan fanni biyu ne, ke nan yana buƙatar 13 ko sama da haka, fuska takwas daga cikin ashirin, wato kashi 40 cikin ɗari. Da na yi wannan ɗan lissafi tun a gida, da na ga cewa na rataye dukan labarin a kan igiyar da ta fi kusa da tsinkewa a kan riƙewa. Ya jefa, shida ta fito. Na ce masa bai ga komai ba, kuma da faɗin haka na rufe wa kaina ƙofa ɗaya tilo da na gina. Suka tsaya cirko-cirko a bakin kogi, ni kuma ina bayan kwali ina zufa, ina duban takardar da ba ta da amsa.

Wadda ta cece ni ita ce mai son magana da mutanen labari. Ta ce tunda ƙasa ta ƙi magana, bari ta je wurin mai fito. A takardata layi biyu ne kacal a kansa, cewa yana so a bar shi lafiya, kuma yana ɓoye cewa shi ya tsallakar da dodannin da daddare saboda sun yi garkuwa da jikansa. Ban sauya murya ba, na dai rage sauri, na riƙa kau da kai idan ta yi tambaya, ina amsawa da gajerun kalmomi. Ba ta yi masa barazana ba, sai ta zauna ta taya shi ɗinke ragarsa, ta tambaye shi takalmin yaron da ta gani a cikin kwalekwale na wane ne. Ni ban sa takalmi a kwalekwalen ba, ita ce ta tambaya ko akwai wani abu na yara a wurin, na ce akwai. Ganin yadda ta bi da shi, na ba ta damar da ƙa'ida ta tanada ta jefa biyu ta ɗauki mafi girma, wadda take ɗaga kashi 40 zuwa 64, kuma ta yi nasara. Kusan rabin sa'a muka yi a kan tsohon da na ba layi biyu, teburin ya yi tsit irin na sauraro, kuma daga masarautu ukun da na ɓata mako ina rubutawa babu wanda ya tambayi ko sunan ɗaya.

Daga baya na koyi cewa masu tsara wasanni sun daɗe da magance irin matsalar sawun nan. A wasan Apocalypse World na Vincent Baker, wanda ya fito a 2010, 'ya'yan lido biyu masu fuska shida ake jefawa, kuma idan jimla ta faɗa tsakanin 7 da 9 mutum yana samun abin da yake nema amma da wani farashi a kansa. Da na san wannan a lokacin, da na ce wa ɓarawon ya ga sawun, sai dai ya ɓata lokaci har rana ta faɗi, ko kuma wani ya hango shi daga ƙetare. Faɗuwar jifa ba dole ba ne ta tsayar da labari, tana iya karkatar da shi kawai. Tun daga ranar ban ƙara ɓoye abin da labari ba ya tafiya sai da shi a bayan jifa guda ba.

Ƙa'idar da na yi ta fargabar mantawa kuwa, na manta ta, kuma babu abin da ya faru. A ƙofar hasumiya mai taka rawar mayaƙi ya ce ba ya so ya kashe mai gadi, so yake ya cafke shi ya danne. Na san akwai sashe a kan kokawa, amma ko kusa ban tuna abin da ya ce ba. Na ce kowannensu ya jefa ya ƙara makin ƙarfinsa, wanda ya fi yawa ya yi rinjaye. Bayan an tashi muka duba, muka tarar cewa littafin ya ba wanda ake cafkewa zaɓi tsakanin ƙarfi da zillewa, ke nan na tauye wa dodon haƙƙinsa kaɗan. Babu wanda ya kai ƙara a madadinsa.

Faɗan da ya biyo baya shi ne inda rashin ƙwarewata ta fito fili. A ƙa'ida kowane zagaye na faɗa daƙiƙa shida ne a cikin labari, amma zagaye uku, wato daƙiƙa 18, sun ci mana kusan minti arba'in, saboda ina ta neman lambobin dodanni huɗu a shafuka daban-daban, ina manta wanda yake da jifa, ina kuma barin kowa ya yi dogon nazari. Na ga ɗaya daga cikinsu ya zaro waya, abin ya sosa mini rai, ko da yake laifin nawa ne. Sannan ga wani abu da ban auna ba: jarumi a matakin farko ba shi da kauri. Dodon nan makin ransa, wato lambar da kowane sara yake ragewa har a faɗi, bakwai ne kawai, amma saransa yana cire tsakanin uku da takwas, shi kuwa mai sihirin cikinmu makin ransa takwas ne gaba ɗaya. Sara biyu suka same shi a jere, ya faɗi.

A nan ne na fahimci amfanin kwalin da yake gabana, da kuma fitinarsa. Babu mai ganin abin da nake jefawa, ina iya cewa saran na biyu ya kuskure, kuma akwai jagorori da dama da suke yin haka da kyakkyawar niyya, ban kuma ce sun yi laifi ba. Ni dai na ga cewa idan na fara tun a daren farko ba zan san inda zan tsaya ba, kuma ranar da suka gane, duk wata nasara da suka taɓa samu za ta zama abin shakka. Na faɗi gaskiyar abin da ya fito. Ƙa'ida ta ce wanda ya faɗi zai riƙa jefa mai fuska 20 a kowane zagaye, 10 ko sama nasara ce, uku na nasara ya tsira, uku na faɗuwa ya mutu. Ya jefa ta farko ya faɗi, ya jefa ta biyu ya faɗi. Wanda ya zaro waya ɗazu ya ajiye ta, ya miƙe tsaye, ya ce jaruminsa zai bar dodon da yake gabansa, ko da za a sare shi ta baya, ya je ya ɗaure raunin abokinsa. Yana buƙatar 10, ya jefa a tsakiyar teburi kowa yana gani, 14 ta fito. Ihun da aka yi ban taɓa jin irinsa ba a shekarar da na yi ina wasa, kuma ba ni na tsara ko ɗaya daga ciki ba.

Mun tashi bayan sa'a uku da rabi, an ceto jikan mai fito, ba a gano kayan ayarin ba saboda lokaci ya ƙure. Na tambaye su abu biyu, abin da ya fi yi musu daɗi da abin da suke so a gyara. Babu wanda ya ambaci muryoyi, babu wanda ya ambaci ƙa'idar kokawa. Uku sun ce mai fito, ɗaya daga cikinsu ya ce faɗan ya yi jan ƙafa, sannan na huɗun, wanda ya fi kowa shiru, ya ce sau biyu ya buɗe baki zai yi magana na wuce shi zuwa ga masu ɗaga murya. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, domin ko kusa ban lura ba, hankalina yana kan takarduna.

Zama na biyu ma sai da gabana ya faɗi kafin a fara, kuma har yanzu yakan faɗi, sai dai fargabar ta daina zama gajimare guda, ta rarrabu zuwa ƙananan ayyuka da ake iya yi da fensir. Na kwafe lambobin kowane dodo a kan ɗan kati guda, na rubuta jerin masu jifa a inda kowa zai gani, na tanadi hanya uku da za su kai ga kayan ayarin ta yadda ko biyu sun toshe ɗaya za ta rage, a saman shafin kuma na rubuta sunan mai shirun nan da manyan baƙaƙe domin in riƙa juyawa gare shi da tambaya. Shafuka arba'in na tarihin sarakuna suna nan a cikin aljihun tebur. Daga cikinsu na ciro suna ɗaya kawai, na ba wa jikan mai fito, saboda a saƙon da suka turo mini kafin zaman sun ce wurinsa za su fara zuwa.